Yadda Ɓera Yake Taimakon Ɗan'uwansa

Ɗalibi, idan aka ambaci ɓera, abin da yake fara zo maka a rai shi ne ɓarna. Yana shiga rumbu ya ci hatsi, yana gwaguye tufafi da littattafai, har ma Hausawa suna danganta shi da sata. Amma wannan ƙaramar dabba tana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba. Ɓera yakan lura da ɗan'uwansa idan ya shiga wahala, kuma sau da yawa yakan yi wani abu da zai sauƙaƙa masa. A wannan darasi za ka karanta yadda masana kimiyya suka gano haka, da sassan ƙwaƙwalwar da suke sa ɓera ya taimaka, da kuma abin da binciken yake koya mana game da kanmu.

Me ya sa ake nazarin ɓera?

Ɓera dabba ce mai shayarwa, kamar akuya da saniya da mutum. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce ƙwarai. Nauyin ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera bai kai rabin giram ɗaya ba, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 70. Ta mutum kuwa tana da kimanin biliyan 86. Duk da wannan bambanci, manyan sassan ƙwaƙwalwar ɓera suna da takwarorinsu a cikin kan mutum, kuma sinadaran da suke kai saƙo a tsakanin ƙwayoyin jijiya kusan iri ɗaya ne. Saboda haka abin da aka gano a jikin ɓera yakan nuna wa masana inda za su duba a jikin mutum.

Ka lura da cewa iri biyu ake yawan amfani da su a ɗakunan gwaje-gwaje. Akwai ƙananan ɓeraye, waɗanda nauyinsu yake kai giram 20 zuwa 30, akwai kuma manya, waɗanda suka ninka su nauyi kusan sau goma. Hausa tana kiran su duka ɓera. A cikin darasin nan za mu riƙa faɗa maka wane iri ake nufi.

Mataki na farko: jin abin da wani yake ji

Kafin ka taimaki mutum, dole ne ka gane cewa yana cikin damuwa. To, shin ɓera yana gane haka? A shekarar 1959 wani masani ɗan Amurka mai suna Russell Church ya koya wa manyan ɓeraye danna wani ɗan ƙarfe domin su sami abinci. Da suka ƙware, sai ya sa su ga wani ɓera a kusa da su yana shan azaba. Sai ɓerayen suka dakata da danna ƙarfen na ɗan lokaci. Wahalar wani ta dame su har ta ɗauke hankalinsu daga abinci.

A shekarar 2006 ƙungiyar Jeffrey Mogil ta Jami'ar McGill da ke ƙasar Kanada ta gwada ƙananan ɓeraye. Sun ga cewa ɓeran da yake jin ciwo yakan ƙara murƙususu idan yana kallon abokin zamansa shi ma yana jin ciwo. Idan kuwa baƙo ne wanda bai sani ba, ciwon nasa ba ya ƙaruwa. Da aka sa shinge tsakaninsu yadda ba sa ganin juna, sai ƙarin ya ɓace. Wato ta ido saƙon yake shiga.

Masana suna kiran wannan hali yaɗuwar yanayin zuciya. Kai ma ka san shi. Idan jariri ɗaya ya fara kuka a asibiti, sauran jarirai sukan ɗauka. Tsoro ma yana yaɗuwa ta wannan hanya. Ɓeran da ya ga ɗan'uwansa ya firgita a wani wuri yakan daskare ya ƙi motsi, ko da yake babu abin da ya taɓa shi. Bahaushe yakan ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Mataki na biyu: buɗe wa ɗan'uwa ƙofa

Jin damuwar wani daban, tashi a taimaka masa daban. A shekarar 2011 masana uku na Jami'ar Shikago, wato Inbal Ben-Ami Bartal da Jean Decety da Peggy Mason, suka wallafa wani gwaji da ya yi suna a mujallar Science. Sun ɗauki manyan ɓeraye biyu da suke zaune a keji ɗaya. Suka kulle ɗaya a cikin wani matsattsen bututu na roba mai nuna abin da ke ciki, suka bar ɗayan yana yawo. Daga waje kaɗai ake iya buɗe ƙofar bututun, kuma babu wanda ya koya wa ɓeran yadda ake yi.

A kwanakin farko ɓeran da yake sake ya riƙa zagaya bututun, yana cizonsa yana tonon gefensa. Bayan kamar mako guda, yawancin ɓerayen sun gano dabarar ture ƙofar da kai. Daga nan sai suka riƙa buɗe ta da sauri duk ranar da aka maimaita gwajin. Idan bututun babu kowa a ciki, ko kuwa ɓeran wasan yara aka sa, ba su cika damuwa da buɗe shi ba.

Sai masanan suka ƙara wani bututu mai ɗauke da cakulan, abincin da ɓeraye suke so ƙwarai. Ɓeran yana da damar ya cinye cakulan duka kafin ya waiwayi abokinsa. Amma ɓerayen sun buɗe bututun biyu, kuma a kusan rabin gwaje-gwajen sun rage wa abokin nasu wani abu. A shekarar 2015 masana a ƙasar Japan, ƙarƙashin Nobuya Sato, suka sami sakamako mai kama da wannan. A gwajinsu ɓera ne yake buɗe wa abokinsa ƙofa domin ya fito daga cikin ruwa zuwa busasshen wuri.

Mataki na uku: lallashi da jinya

Ƙananan ɓeraye suna da tasu hanyar taimako. Ɓera yakan lashi jikin ɗan'uwansa, yana gyara masa gashi da baki da ƙafafun gaba. A shekarar 2021 ƙungiyar Weizhe Hong ta Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Angeles ta nuna cewa wannan lasa tana ƙaruwa sosai idan aka mayar da ɓeran da ya sha firgita cikin kejinsu. Abokin zamansa yakan matso ya yi ta lasarsa, kuma alamun damuwa sukan ragu a jikin wanda aka lasa. Ana iya kwatanta wannan da yadda uwa take shafa bayan yaron da ya tsorata.

A shekarar 2024 ƙungiyar ta sake gano wani abu. Sun sa wa ɓera wani sinadari da ake samu a dafin zuma a ƙafarsa ta baya, ƙafar ta yi zafi. Abokin zamansa bai tsaya ga lasar jiki gaba ɗaya ba. Ya nufi ƙafar da take ciwo, ya riƙa lasar wurin. Wanda aka yi wa haka sai ya rage lasar ƙafar da kansa. Wannan ya nuna cewa ɓera yana iya gane inda matsalar take, ya kuma kai taimako daidai wurin.

Mataki na huɗu: taimakon gaggawa

A watan Fabrairu na shekarar 2025 mujallar Science ta buga wani bincike na masana daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya, waɗanda suka haɗa da Wenjian Sun da Li Zhang da Huizhong Tao. Sun ba ƙaramin ɓera maganin sa barci irin na tiyata har ya fita hayyacinsa, sannan suka ajiye shi a gaban abokin zamansa.

Abin da abokin ya yi yana da tsari. Da farko ya shinshina shi. Sai ya fara lasar jikinsa. Da ya ga bai motsa ba, sai ya koma kan fuskarsa, yana lasar idanunsa yana cizon bakinsa. Sau da yawa yakan kama harshen ya jawo shi waje. Jawo harshe yana faɗaɗa hanyar numfashi. Da masanan suka sa wani ɗan ƙwallon roba a bakin ɓeran da ya suma, a mafi yawan lokuta abokin ya cire shi. Ɓerayen da aka yi wa wannan hidima sun riga waɗanda aka bari su kaɗai farfaɗowa da tashi su yi tafiya. Da zarar ɓeran ya farka, abokin yakan daina. Babu wanda ya koya musu haka, kuma sun fi yi wa wanda suka sani fiye da baƙo.

Me yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwa?

Domin a amsa wannan tambaya, masana suna amfani da dabaru biyu. Ta farko ita ce kallo. Ana gyara ƙwayoyin jijiyar ɓera yadda za su yi haske duk lokacin da suke aiki, sannan a ɗora masa wata 'yar ƙaramar na'urar ɗaukar hoto a ka. Yana yawo, na'urar tana nuna waɗanne ƙwayoyi ne suka kunnu. Dabara ta biyu ita ce sarrafawa. Tun daga shekarar 2005 masana suka iya sa wa ƙwayoyin jijiya wani sinadari mai jin haske, wanda aka samo daga gansakuka. Da an haska su ta wani siririn zare, sai su kama aiki ko su tsaya, kamar yadda kake kunna fitila ka kashe. Ta haka ake gane ko wani sashe ne yake haddasa wata ɗabi'a. Sassa huɗu ne suka fi fitowa a wannan bincike.

Na ɗaya shi ne singulet na gaba, wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa da ke wajen goshi. Yana aiki idan dabba tana jin ciwo, yana kuma aiki idan ta ga wata tana jin ciwo. A shekarar 2021 Monique Smith da Robert Malenka na Jami'ar Stanford suka nuna cewa ɓera mai lafiya da ya zauna awa ɗaya tare da mai ciwo yakan ƙara saurin jin zafi na wasu awowi. Da suka toshe hanyar da take fita daga singulet zuwa wani sashe na can ciki, sai yaɗuwar ciwon ta tsaya. Abin mamaki, sauƙi ma yana yaɗuwa. Ɓera mai ciwo da ya zauna da wanda aka ba maganin kashe zafi, shi ma yakan sami sassauci. Wannan sashe ne kuma yake da hannu a lasar ƙafar da take ciwo.

Na biyu shi ne amigdala, wani ɗan dunƙule da ke can cikin ƙwaƙwalwa, wanda ya shafi tsoro da hulɗa da sauran dabbobi. Wani ɓangarensa yana karɓar saƙon ƙanshi da wari, kuma ɓera da hanci yake sanin 'yan'uwansa. Ƙungiyar Hong ta gano wasu ƙwayoyi a nan waɗanda idan aka kunna su, ɓera yakan fara lasar abokinsa. Idan aka kashe su, lasar takan ragu.

Na uku shi ne wani wuri da ke gaban haifotalamas, inda waɗannan ƙwayoyi na amigdala suke aika saƙonsu. An daɗe da sanin cewa wannan wuri ne yake kula da renon 'ya'ya. Saboda haka masana da yawa suna ganin cewa taimakon ɗan'uwa ya samo asali ne daga kulawar uwa da ɗanta.

Na huɗu shi ne ƙwayoyin da suke samar da sinadarin oksitosin, su ma a cikin haifotalamas suke. Wataƙila ka taɓa jin sunan wannan sinadari, domin ana yi wa mata allurarsa a asibiti lokacin haihuwa. Shi ne yake sa mahaifa ta matse, yake kuma sa nono ya zubo. A cikin ƙwaƙwalwa yana ƙara wa dabba kula da 'yan'uwanta. A gwajin ɓeran da ya suma, ƙwayoyin oksitosin na abokin sun kunnu. Da aka hana su aiki, taimakon ya ragu.

Halitta ce ko koyo?

Duka biyun suna da hannu. Jawo harshe ya bayyana ba tare da koyarwa ba. Amma ga wani misali na koyo. Jaririn ɓera da ya faɗo daga sheƙa yakan yi wani siririn kuka da kunnen mutum ba ya ji. Uwa takan ruga ta ɗauko shi da baki ta mayar. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba kuwa, da farko ba ta kula kukan. A shekarar 2021 ƙungiyar Robert Froemke ta Jami'ar New York ta ɗauki hoton bidiyo na kwanaki, ta ga uwa tana tura irin wannan budurwar ɓera zuwa sheƙa, tana kuma ɗauko jarirai a gabanta. Bayan ɗan lokaci budurwar ta fara ɗauko su da kanta. Yayin da take kallon uwar, ƙwayoyinta na oksitosin suna aiki.

Sabo ma yana da ƙarfi. A shekarar 2014 masanan Shikago suka gwada manyan ɓeraye farare da wasu masu baƙin kai. Farin ɓera ya buɗe wa baƙon fari ƙofa, amma bai buɗe wa baƙo mai baƙin kai ba. Da ya zauna makonni biyu tare da mai baƙin kai guda ɗaya, sai ya fara taimakon duk irinsu, har waɗanda bai taɓa gani ba. Farin ɓeran da ya tashi tun yana jariri a cikin masu baƙin kai kuwa, su yake taimako, bai kula fararen ba. Ashe zama tare ya fi kamannin jiki tasiri.

Shin tausayi ne?

A nan masana sun rabu. Wasu suna cewa ɓera yana buɗe ƙofa ne kawai domin yana son abokin wasa. Masanan Shikago sun amsa da cewa ɓerayensu sun ci gaba da buɗewa ko da abokin zai fita ne zuwa wani ɗaki dabam. Wasu kuma suna cewa kukan abokin ne yake damun ɓeran, shi ya sa yake neman hanyar tsayar da shi. Akwai gwajin da ya shafi wannan. A shekarar 2016 aka ba ɓeraye maganin kwantar da hankali, sai suka daina buɗe wa abokansu, alhali kuwa sun ci gaba da buɗe bututun cakulan. Wannan ya nuna cewa sai ɓera ya ji wani abu na damuwar abokinsa kafin ya taimaka.

Ɓera ba ya magana, don haka ba a iya tambayarsa niyyarsa. Abin da ake aunawa shi ne abin da ya aikata da abin da ƙwaƙwalwarsa ta yi. Shi ya sa masu binciken suke taka tsantsan, suna cewa ɗabi'ar ta yi kama da tausayi. Tausayin mutum ya haɗa da tunani da tarbiyya da addini da sanin ya kamata, waɗanda ɓera ba shi da su.

Amfanin wannan ilimi

Da farko, binciken yana nuna wa likitoci hanyoyin ƙwaƙwalwa da za su bincika a jikin mutanen da suke shan wahalar fahimtar halin da wasu suke ciki. Na biyu, ya tabbatar da cewa wanda kake zaune da shi yana iya ƙara maka ciwo ko ya rage, abin da ya shafi yadda ake jinyar marasa lafiya. Na uku, gwajin fararen ɓeraye yana da abin lura ga ƙasa mai ƙabilu da yawa kamar Nijeriya. An kafa shirin yi wa ƙasa hidima a shekarar 1973 domin matasa su zauna a cikin mutanen da ba nasu ba, su saba da su. Kai ma da kake koyon Hausa, hanyar sabo da maƙwabtanka kake bi.

Gargaɗi: kada ka gwada waɗannan abubuwa da ɓerayen gida. Na ɗakin gwaji ana kiwonsu ne cikin tsabta. Wani irin ɓera da ake samu a gidaje da gonaki yana ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Barno a shekarar 1969. Ka riƙa rufe abinci, ka kuma guji taɓa ɓera, mai rai ko matacce.

Ma'anar kalmomi

Gwaguya: ci da haƙora kaɗan-kaɗan.
Takwara: abin da ya yi daidai da wani a matsayi ko suna.
Murƙususu: juye-juyen jiki saboda ciwo.
Daskare: tsaya cik ba motsi.
Lallashi: kwantar wa wani hankali.
Suma: fita hayyaci na ɗan lokaci.
Farfaɗo: dawo cikin hayyaci.
Gansakuka: koren tsiro da yake fitowa a kan ruwa ko wuri mai laima.
Sheƙa: wurin da tsuntsu ko ɓera yake ajiye 'ya'yansa.
Taka tsantsan: yin hankali.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa ake nazarin ƙwaƙwalwar ɓera.
2. Me ya faru da aka sa shinge tsakanin ɓeraye a gwajin shekarar 2006?
3. Don me masanan Shikago suka sa cakulan a bututu na biyu?
4. Jera abubuwan da ɓera yake yi wa abokinsa da ya suma, daga na farko zuwa na ƙarshe.
5. Faɗi aikin oksitosin a jikin mace mai haihuwa da kuma a cikin ƙwaƙwalwa.
6. Wane gwaji ne ya nuna cewa sabo ya fi kamannin jiki tasiri? Yi bayani.

Aiki

Yi amfani da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a cikin jimla: lallashi, farfaɗo, takwara, sheƙa, taka tsantsan. Bayan haka ka rubuta sakin layi biyu a kan wata dabba da ka taɓa gani tana kula da 'ya'yanta ko 'yar'uwarta, sannan ka karanta wa 'yan ajinku.